Binciken sola ya sauko daga jami'a ya zo mana kan rufi

Assalamu alaikum Edita, dan Allah a ba ni fili in yi magana da malamanmu na jami'o'i masu bincike kan lantarki da sola.

Ni sana'ata haɗa sola ce, kullum ina kan kwanon gidajen mutane, kuma wallahi abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne kayan da muke ɗorawa ba a ƙasa mai ƙura da zafi irin tamu ake auna su ba. Ƙarfin da ake rubutawa a bayan fanel, wato farantin da ke kama hasken rana, a zafin digiri 25 aka gwada shi, alhali a watan Afrilu fanel ɗin kan wuce 60, ko taɓa shi ba ka iyawa, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru kusan kashi 0.4 cikin ɗari na wutar ya tafi. Batir mai ruwa ma haka, in zafin ɗaki ya ƙaru da kamar digiri 10 to kwanansa ya ragu da rabi.

Hunturun bara wata Hajiya mai sai da zoɓo da kunun aya ta kira ni hankali a tashe wai firizarta ta daina ƙanƙara, har wani ya ce mata inbata ce, wato na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gida, ta mutu ta sayi sabuwa, ina hawa sama na shafa yatsa a fanel ɗin sai ga layi ya fito raɗau cikin jar ƙura, bokitin ruwa ɗaya da tsumma ya gama aikin. Da ta tambaye ni bayan kwana nawa za ta dinga wankewa, kintace kawai na yi mata, abin ya tsaya min a rai har yau.

To ai muna da masu amsar. Akwai cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo Sakkwato, ga tashar sola mai megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero Kano (BUK) a 2019, ga mai megawat 10 a Kumbotso tun 2023. Duk wannan ƙurar suke sha irin tamu, injiniyoyi na ganin lissafin kullum. Nawa hazo ke cinyewa a mako? Wane batir ne ke jure zafin Maiduguri? Yaya za a karkata fanel a Kano?

Kowa ya tuna Oktoban 2024 da Arewa ta haura mako cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta, tun lokacin masu shago da masu cajin waya suke ta rububin sola, wasu da bashi.

Roƙona malamai, in ɗalibi ya gama furojet ɗinsa a fitar da sakamakon a shafi biyu da Hausa, a karanta a rediyo, a kira mu masu haɗawa ko sau ɗaya ne a shekara a zaunar da mu. Kuɗin mota mu za mu biya da kanmu.

Naku,
Mai haɗa sola, daga Kano