Godiya ga ma'aikatan Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, Kaduna

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son in rubuta wannan godiyar, musamman ga ma'aikatan ɗakin gwajin ji da muka kai mahaifinmu, don wallahi rigimar gida kuka kashe mana ba ku sani ba.

Baba ya yi shekaru yana aiki a wata masaƙa a Kakuri lokacin da masaƙun Kaduna ke tashe, cikin ƙarar injina safe da yamma. Yanzu da girma ya zo kullum sai an yi, a faɗa masa magana ya ce "me?", Umma ta ce yana sane, abun da ya ga dama yake ji, shi kuma ya ce mu ne ba ma buɗe baki muna magana ciki-ciki, rediyo kuwa in ya ƙure ta har maƙwabta sun gama jin labaran duniya.

Likita ya fara haska kunnen ya ga ba datti ba ruwa, sai ya ɗauko wani ƙarfe mai baki biyu ya buga, ya ɗora a ƙashin bayan kunnen Baba sannan ya kawo shi saitin kunnen. Ni dai na ɗauka wasa ne, ashe ƙarfen nan girgiza yake sau 512 a sakan ɗaya, kuma sauti kansa girgiza ce. Hanya biyu take bi ta shiga, ko ta iska ta bugi dodon kunne ta wuce ta wasu ƙananan ƙasusuwa uku, ko ta ƙashin kai kai tsaye zuwa can ciki. In mutum ya fi ji ta ƙashi to hanyar ce ta toshe. Na Baba ba toshewa ba ce.

Daga nan wata ma'aikaciya, Allah ya yi mata albarka, ta shigar da shi ɗan ƙaramin ɗaki mai ƙofa mai kauri ta sa masa hedifon, ta ce "Baba duk sanda kuka ji ƙara komai ƙanƙantarta ku danna nan." Ta riƙa sako sauti daga mai kauri, girgiza 250, har siriri 8000, tana rage ƙarfin kaɗan-kaɗan har ya daina ji. Takardar ta fito, jan zagaye na kunnen dama, shuɗin X na hagu. Wajen 250 da 500 layin yana sama lafiya lau, ana zuwa 4000 ya faɗa rami har desibel 60 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), wato sai ƙarar ta kai 60 kafin ya ji, alhali mai lafiyar ji ba ta wuce 25 ya ji ta. Ta ce irin ramin nan a 4000 shi ne tabon da ƙarar injina ke bari, don ƙarar da ta kai desibel 85 awa takwas kullum tana cin kunne a hankali.

Inda ta gama da ni shi ne bayanin haruffa. Su a, o, u masu kauri ne Baba yana jin su, amma s, sh, f, ts sirara ne, su suka ɓace masa. Wato muryarka yana ji sarai amma "tsaya" da "saya" duk ɗaya ne a wurinsa, haka "sha" da "sa". Shi ya sa ihun da muke masa ba ya ƙara komai sai ɓacin rai. Umma ta yi shiru, can ta ce "Malam ka yafe ni."

Kuma ba ta ɓoye mana ba, ta ce ƙananan gashin da ke cikin abun nan mai kama da dodon koɗi a can cikin kunne in sun mutu ba sa tsirowa, kar mu ɓata kuɗi a maganin ɗigawa. Na'urar ji ce mafita, a saita ta da takardar nan ta ɗaga siraran sautuka kawai. Mu kuma mu fuskance shi in za mu yi magana, a rage rediyo tukuna.

Mun gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya ƙara haƙuri da jama'a. Sati mai zuwa in sha Allahu ƙanina zan kawo muku, mai injin markaɗe ne, shi ma ya fara "me?" ɗin.