Wasiƙa zuwa ga ɗana game da furen kuka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so, ina sanar da kai cewa mutanen gida duk suna lafiya, in ban da Hajiya da zafin bazara ya hana ta barci kamar kowace shekara.

Ranar Juma'a yayarka ta zo gida, kuma a cikin hira ta ambata cewa ka shiga wata gasar ɗaukar hoto ta 'yan koyo a intanet, wadda ake neman hotunan lambu da tsirrai. Ta nuna mini wasu daga cikin waɗanda ka ɗauka a Samaru, har da na ganyen zogale da raɓa a kansa, kuma ban ɓoye mata ba, sun yi kyau. Na shekara fiye da arba'in ina ban ruwa a fadama, tun muna ɗiba da jigo har aka zo zamanin inji, amma ban taɓa tsayawa na kalli jijiyar ganyen alayyafo yadda ka sa na kalle ta ba. Saboda haka kada ka ɗauka gasar nake ƙi. Ni ne na sayar da buhu biyu na albasa na cika maka kuɗin wayar, alhali Kawunka yana cewa ɓata yaro nake yi.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne sauran maganar da ta faɗa. Ta ce idan an yi hutu za ka zo gida ka je gonar kakanka da dare, domin ka ɗauki furen kuka a lokacin da yake buɗewa. Ka yi gaskiya a kan furen, domin da almuru yake fara buɗewa, fari tas, yana reto a jikin dogon silinsa, warinsa yana janyo jemagu su sha ruwansa, kuma kafin a sake wata magaribar ya yi ja-ja ya yanƙwane. Wanda yake son ganinsa a kan ganiyarsa dole ya same shi cikin duhu. Na san wannan tun kafin a haife ka, na kuma san darajar wannan kukar fiye da kai, domin ganyenta muka yi ta miya da shi a farin 1984, lokacin da rumbu ya zama wayam.

To amma ka manta inda kukar take? Ka manta cewa tun daga abin da ya sami Baffanka a wannan hanyar, babu wanda yake wuce makabarta bayan la'asar sakaliya? Manoma da kansu suna barin aiki rana tsaka su dawo gida, kai kuma kana shirin tafiya lokacin da kowa yake kulle ƙofa, ka tsaya a fili kana walƙa fitilar waya, wadda mai tsaye a bakin daji zai hango tun daga nesa. Tun ranar Juma'a, duk sanda na rufe ido, wannan hasken nake gani a gindin kuka, da baburan da za su nufo shi. Ka san abin da muka sayar a wancan karon, ka san kuma abin da bai dawo ba duk da mun sayar. Ba ni da wasu shanun, kuma Innarka ba ta da wata zuciyar da za ta sake ɗaukar irin wannan.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ka tsara wannan duka da yayarka ba tare da ka tuntuɓe ni ba, wanda ya nuna ka san amsar da zan ba ka. Yaron da ya kai jami'a bai kamata ya auna ransa da yabon alƙalan gasa ba, mutanen da ba su san sunan garinmu ba, waɗanda kuma ba za su zo jaje ba. Ban yarda ba, kuma ban yafe ka taka gonar nan bayan faɗuwar rana ba. Haka nan na ji cewa waya tana liƙa wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi, to ka kashe wannan kafin ka aika da kowane hoto na lambunmu, kada kuma injin ban ruwa ko ƙofar gida su fito a ciki.

Na yi maka faɗa, amma ba na son ka janye daga gasar. Akwai abin ɗauka a nan da rana tsaka wanda mutanen wata ƙasa ba su saba gani ba. Ka dubi gawon da yake bakin fadama, wanda yake zubar da ganye da damina lokacin da kowace bishiya take kore, sannan ya yi lif da rani har awaki su taru a inuwarsa. Ga furen tumfafiya da muke rainawa, mai fari da ruwan shunayya, ga shingen lallen Innarka, ga yakuwa idan ta yi ja da kaka. Idan kuma furen kuka ne ya tsaya maka a rai, akwai ƙaramar kukar bayan gidan Liman, a tsakiyar gari, ita ma tana fure. Zan yi masa magana, in kuma riƙe maka fitila da kaina bayan sallar isha'i.

Ka sanar da ni ranar da za ka taso daga Zariya, ka shiga motar safe domin ka iso kafin azahar. Innarka ta ce ka wanko mata hoton zogalen nan a takarda, tana so ta rataya a ɗakinta. Allah ya yi maka albarka, ya tsare mana kai.

Mahaifinka.