Godiya ga ma'aikatan da suka tambayi dalili kafin su ɗauko allura

Assalamu alaikum.

Mu masu kula da manya masu raunin fahimta ne a nan Sakkwato. Godiyarmu ga ƙaramin sashen ba da shawara da ake tura iyalai gare shi, musamman Hajiya, jami'ar jinyar da ke fara karɓar mutane. Allah ya saka miki da alheri.

Abin da aka saba gani a wasu wurare shi ne, da zarar mutum ɗan shekara 30 ya fara cizon hannunsa, ko buga kai da bango, ko yage riga, sai a ce ciwo ya tashi. A danna masa allura, ya wuni yana barci, ya tashi yana dalalar da miyau, jiki a sandare, hannu na rawa. Wannan aikin magani ne, irin su haloperidol, amma sai iyali su ɗauka ciwon ne ya ƙaru.

Hajiya kuwa da jiki take farawa: haƙori, kunne, rashin bahaya, zafin fitsari, farfaɗiya. Wanda ba ya iya cewa "nan ke mini ciwo" da jikinsa zai faɗa. In ba a samu komai ba, sai ta juyo ga iyali: "Mi yaf faru gida kwanan nan?" Nan ake jin uwa ta rasu, ko an aurar da ƙanwar da ke ba shi abinci, ko an canza masa ɗaki.

Maganar rasuwa ce ta fi taɓa mu. Mutanenmu, don tausayi, kan ce masa "Inna ta yi tafiya". Shi kuwa sai ya zauna bakin zaure yana jira, wata da watanni, ranar da jiran ya ishe shi sai a ga fushi. Hajiya takan sa a gaya masa gaskiya a taƙaice, cewa ta rasu, ba za ta dawo ba, a maimaita duk sanda ya tambaya. A bar shi ya zauna wurin gaisuwa, a ba shi carbinta ko gyalenta ya riƙe.

Ma'aikatan sashen suna kuma ba iyali littafin da za su cika na mako 2. A rubuta lokaci, abin da ya faru kafin tashin hankalin, abin da ya yi, da abin da aka yi masa bayan nan. Kuskuren iyalai shi ne rubuta ɓarnar kawai, alhali amsar tana layin "kafin". In abin ya taso, mutum ɗaya ya yi magana, murya ƙasa, a ja baya taku biyu, a kori 'yan kallo. Magani kuma likita ke rage shi sannu a hankali, ba a yanke shi rana ɗaya.

Tun Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Amma har yau akwai gidajen da ke sa mari, akwai masu shagon magani da ke miƙa ƙwayar barci ba takardar likita. Kuma da an ga ɗan sauyi sai a ce a kai mutum asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, ba wanda ya tsaya ya duba bakinsa ko haƙori ne.

Daga wasu masu kula, Sakkwato.