A Kan Wuƙar Balisong Da Ta Fara Shiga Hannun Yaranmu

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi bayani a kan wata wuƙar aljihu mai ƙota biyu da na fara gani a hannun samari, wadda ake kira balisong, Turawa kuma suke yi mata laƙabi da sunan malam-buɗe-littafi saboda yadda ƙotocinta suke buɗewa kamar fukafukai. Ni ɗan gidan maƙera ne, na tashi ina yi wa mahaifina zuga, don haka idan na ga baƙuwar ƙira ba na gaggawar kushe ta sai na juya ta a hannuna. Abin da ya sa na juya wannan kuwa shi ne ɗan ƙanena, yaro ɗan shekara 15, wanda ya saye ta ta intanet bayan ya kalli bidiyon masu wulwula ta, kwana biyu kacal ta tsaga masa ɗan ali har sai da aka yi masa ɗinki.

Asalin wuƙar daga lardin Batangas ne na ƙasar Filifin, inda maƙeran garin Taal suka shahara da ƙera ta da hannu, kuma tsawon ta gargajiya idan an buɗe ta santimita 29 ne. Ƙotar a rabe take gida biyu, kowane ɓari an kafe shi da ƙusarsa a gindin ruwan wuƙar. Idan an rufe, ruwan yakan kwanta cikin kwarmin da ke tsakanin ɓarin biyu, ya zama ƙotar ita ce kuben. Idan za a buɗe, sai ɓarin biyu su kewayo ta baya su haɗu, a maƙale su da wata 'yar sakata da ke ƙarshensu.

Gaskiya ɗaya ce, dole in yaba wa wanda ya ƙirƙiro wannan dabara. Duk wanda ya taɓa aiki da wuƙar ninkewa irin wadda ba ta da makulli ya san fargabar da ke tattare da ita, domin da zarar tsinin ya ci karo da abu mai tauri sai ruwan ya ninko kan yatsu. Balisong ba ta yin haka muddin tana buɗe kuma hannu ya damƙe ta, saboda hannun da ya riƙe ɓarin biyu shi ne makullin, ruwan ba shi da hanyar dawowa sai ƙusa ta karye. A wannan fanni ta fi wuƙaƙen aljihu da yawa aminci.

Matsalar tana tsakanin rufewa da buɗewa, a 'yan daƙiƙun da ruwan yake lilo babu abin da ya tsare shi. Ɓari ɗaya yana fuskantar bayan wuƙar, wanda ya riƙe shi ko ruwan ya dawo bayansa ne zai bugi yatsa. Ɗayan kuwa kaifin yake fuskanta, kuma shi ne ɗan ƙanena ya riƙe. Masu koyarwa sukan ce a gane ɓarin mai cizo, wato wanda yake fuskantar kaifin, da sakatar da ke jikinsa, amma wannan ba doka ba ce, domin a ƙirar Batangas sakatar tana jikin mai cizon, a ƙirar da ake dangantawa da Manila kuma tana jikin ɗaya ɓarin. Yaron da ya haddace abu ɗaya a bidiyo, ya sayi wuƙar da aka ƙera ta ɗaya hanyar, ya riga ya miƙa yatsansa ga kaifi tun kafin ya fara.

Da na karɓi ta yaron na duba, sai na tarar da abin da ya fi wannan tayar mini da hankali. Ƙarfen ƙotar mai laushi ne, ƙusoshin kuma ba masu ɗauri ba ne, dandaƙe su aka yi, har sun fara sakwarkwacewa, ruwan yana girgiza hagu da dama kamar haƙorin da ya kusa fita. Sakatar ba ta kamawa, da na sa wuƙar a aljihun riga na ɗan taka, sai ɓarin suka rabu, tsinin ya leƙo. Duk amincin da na yaba a sama a kan ƙusoshin nan ya dogara, idan suka lalace babu abin da ya rage.

Ta fuskar aiki kuma ban ga gurbinta ba. Wanda zai yi fiɗa ranar layya da ita, jini da kitse za su cika kwarmin da mahaɗar ƙusoshin, wuraren da wanki ba ya kaiwa sosai, daga nan sai tsatsa da ƙarni. Wuƙar mahauta mai ƙota ɗaya da kubenta ta fi ta ta kowace fuska. Mai son ta aljihu kuwa, ya dubi Opinel ta ƙasar Faransa, wadda Joseph Opinel ya fara ƙerawa a 1890, aka ƙara mata zoben kullewa a 1955. Da hannu biyu ake buɗe ta a natse, a murɗa zoben, ruwan ya tsaya cak. Ba ta da burgewa, amma ba ta buƙatar mutum ya yi makonni yana koyon buɗe ta.

Akwai kuma batun doka da ya kamata matafiya da ɗalibanmu na waje su sani. Birtaniya ta haramta sayar da balisong da shigo da ita tun 1989, Jamus ma ta haramta ta a 2003, don haka wanda ya jefa ta cikin jaka a matsayin abin wasa yana iya samun kansa a hannun hukuma.

Ina kira ga 'yan kasuwar da suke kawo ta, idan ba makawa sai sun kawo, su kawo samfurin da aka yi don koyo, wanda ruwansa dakusasshe ne, ba kaifi ba tsini, domin wulwulawar ce yaran suke sha'awa, ba yankan ba. Ta ɗan ƙanena kuwa, na kai ta maƙera na goge kaifin da tsinin gaba ɗaya a kan dutse, na sake dandaƙe ƙusoshin, sannan na mayar masa da ita a gaban mahaifinsa.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya.