Maganaɗisu da ciwon damuwa na tsofaffi

Zuwa ga Edita,

Ranka ya daɗe, tsohon da ciwon damuwa ya haɗe masa da mantuwa, in ƙwayoyi sun gaza, akwai na'urar maganaɗisu mai zaburar da ƙwaƙwalwa daga wajen kai, wadda Amurka ta amince da ita wajen maganin ciwon damuwa tun 2008. Ana ɗora ta a gefen hagu, saman goshi, kwana 5 a mako, tsawon makonni 4 zuwa 6, ba allurar barci. Ranar farko ana ta ƙara ƙarfin na'urar har babban yatsan hannu ya motsa, wannan shi ne ma'aunin ƙarfin da za a yi magani da shi. Inda ake tuntuɓe shi ne ƙwaƙwalwar tsoho kan tsuke, ta yi nisa da ƙoƙon kai, sai ƙarfin ya kasa isa. Mai farfaɗiya ko ƙarfe a ka, a sanar da likita tukuna. Ciwon kan da na'urar kan jawo kam, yakan wuce.

Wasu likitocin ƙwaƙwalwa,
Kaduna