A daina zuba asid a tiyon da ya toshe

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni mai gyaran famfo ne a unguwar Zariya, nan Maradi. Ina roƙon fili in yi kira ga iyayenmu mata masu lababon wanke-wanke da injin wanki a gida.

Yawancin toshewar da ake kirana a kanta, maiƙo ne da yashi. Ana goge tukunya da yashi da toka, a ɗauraye a lababo, yashin ya kwanta a gwiwar tiyon da ke ƙasa, man miya ya daskare a kansa, musamman lokacin hunturu. A tara bokiti, a kwance gwiwar da hannu, a zubar da dattin, a mayar da robar bakinta daidai. Injin wanki kuwa, a cire shi daga wuta tukuna, sannan a buɗe matatar da ke ƙasa ta gaba. Can ake tarar da ƴan canji, zare, har fil ɗin ɗankwali.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne asid. Don Allah kada a zuba shi, balle a haɗa shi da jabel, ruwan nan na faranta tufafi. Iskar da ke tashi guba ce, tana ƙona ido da huhu, kuma mu ne ke sa hannu a tiyon daga baya.

Naku,
Mai gyaran famfo, Maradi