Wasiƙa ga ɗana kan sunayen da takwarata ba ta sani ba

Assalamu alaikum, ɗana.

Da fatan kun sauka lafiya, gajiya kuma ta bi lafiya. Yayarka ta faɗa min abin da ka so a ɓoye min. Kada ka ga laifinta, ni na tsare ta da tambaya. Ta ce kai da maiɗakinka kun daina yi wa takwarata magana da harshenmu a gida, wai kada ta ruɗe a makaranta. Yaro ba ya ruɗewa don an ba shi harshe biyu, ka fi kowa sani, tunda da uku ka tashi.

Ba gaisuwa nake ji ba. Ko da maganar hannu ce za mu gaisa ni da ita. Abin da ya hana ni barci shi ne yarinyar nan ta girma kowace bishiya a wurinta bishiya ce kawai, kowane tsuntsu tsuntsu ne, ta riƙa ratsa duniyar Allah kamar baƙuwar da ta shiga taro ba ta san kowa ba. Wanda bai san sunan abu ba, ba ya neman sa idan ya ɓace. Ranar da aka sare shi ma ba zai ji komai ba, don tun asali bai taɓa ganin sa ba.

Na san amsarka: ai za ta koyi sunayen da harshen makaranta. Ina ma haka ne. A 2007 ƙamus ɗin yara na Oxford ya cire sunayen tsuntsaye da furanni da itatuwa da dama, ya shigar da kalmomin kwamfuta da intanet. Marubuta 28 suka sa hannu a takardar koke a 2015, masu ƙamus suka ce su abin da yara ke faɗa suke rubutawa. To ai abin kukan ke nan! Tun 2002 masana a Jami'ar Kambirij suka gwada yara 'yan shekara 8 a Ingila, suka tarar suna gane kusan kashi 80 cikin 100 na dodannin wasan Pokémon, amma dabbobi da tsirran da ke kewaye da su da kyar suke gane rabi. Kan yaran ƙalau yake. Abin da aka ambata musu shi suka riƙe. Sunan tsiro daga bakin uwa da uba yake shiga, ana tafe ana nuni, makaranta sai dai ta ɗora a kai.

Kuma suna ba ya zuwa shi kaɗai. Da na koya maka gawo, na koya maka cewa shi ne mai zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, don haka shuka ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Da ka san shamuwa, ka san ruwa ya kusa. Kowace al'umma tana da irin wannan ajiya a harshenta. A 2021 wasu masana biyu a Jami'ar Zurik suka bi amfanin tsirran magani sama da 12,000 a harsuna 236 na Arewacin Amurka da Amazon da tsibirin Sabuwar Gini. Fiye da kashi 75 cikin 100 na wannan ilimi a harshe ɗaya tak aka san shi. Harshen ya mutu, tsiron yana nan tsaye, amma babu mai iya cewa ga amfaninsa. A harsunan duniya wajen 7,000, kusan kashi 40 cikin 100 suna kan hanyar ɓacewa, kuma ba da gangami suke mutuwa ba. A ɗaki suke mutuwa, ranar da uba mai kyakkyawar niyya ya ce bari a sauƙaƙa wa yara.

Mutanen Mawori na Niyu Zilan suna kiran kogin Whanganui kakansu, suna cewa su ne kogin, kogin su ne. Sun fi shekara 100 suna fafutuka a kansa, har a 2017 majalisar ƙasar ta ba kogin matsayin mai haƙƙi a gaban shari'a. Ban ce ka ɗauki aƙidarsu ba. Namu ya ishe mu: Allah ya koya wa Annabi Adamu sunaye dukkansu, ya kuma ce dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu. Al'umma fa, ɗana, ba kaya ba.

A nan zan faɗa maka wadda ba za ta yi maka daɗi ba. Zuwanka na ƙarshe na saurari bakinka. Daji ya koma fili, kogi ya koma albarkatu, kome kadada nawa, riba nawa. Ban haifi ɗan da zai tsaya gaban kuka mai shekaru ɗaruruwa ya ga wurin ajiye mota ba. Kana ƙarami ka sha yi min kuka don na tsayar da kai a rana sai ka faɗi sunan kowane ganye, Gwaggonka tana cewa na cika tsanani. Na ji, na yi shiru, kuma ko yau aka mayar da ni haka zan yi. Bayan abin da ya same mu a shekarar nan da ka sani, ba ni da dukiyar da zan bar muku, wannan na bar muku. Yanzu kai za ka hana 'yarka gadonta da hannunka?

Ka yi haƙuri, zafin zuciya ne na uwa. Na san neman gyara kake yi, na san zaman baƙunci da wuya, kuma maiɗakinka yarinyar kirki ce, kada ka kai mata maganar nan a matsayin ƙorafi.

Ga abin da nake roƙo. Ku mayar mata da harshenmu a gida. Ranar hutu ka ajiye wayar nan, ka riƙe hannunta ku fita. Abin da yake da suna a bakinmu ka faɗa mata. Wanda babu, ka tambayi tsofaffin wurin yadda suke kiran sa, ku koya tare, don ƙasar da take takawa ita ma tana da haƙƙin a san ta. Idan ka kira ni ranar Juma'a ka ba ta wayar, ina so ta faɗa min sunan tsuntsun da ta gani da bakinta.

Ka gaida maiɗakinka, ka shafa min kan takwarata. Maganin ƙafar nan yana aiki, kada ka damu. Allah ya yi muku albarka, ya tsare min ku.

Mahaifiyarka.